Filin Tambaya da Amsa: Hasumiyar da Aka Ɗauke Sukutum Daga Bakin Teku

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan wata, kuma duk a kan abu ɗaya suka zo, wato wani ɗan bidiyo da ya zagaya wayoyin mutane, inda ake ganin wata doguwar hasumiya mai zanen fari da baƙi tana tafiya a hankali a kan ƙarafa, jama'a sun yi cincirindo suna kallo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Ɗalibaina sun tambaye ni ko wannan bidiyo gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne. Wace hasumiya ce wannan, mene ne amfaninta, kuma ta yaya za a ɗauki gini irin wannan ba tare da ya rushe ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki shaida wa ɗalibanki cewa abin da suka gani ya faru da gaske a shekarar 1999, a wani wuri da ake kira Cape Hatteras, cikin jihar North Carolina da ke gaɓar gabashin Amurka. Hasumiyar fitila ce ta masu jiragen ruwa, kuma ita ce mafi tsawo cikin irinta da aka gina da jan bulo a ƙasar, domin tsawonta ya kai ƙafa 198, wato wajen mita 60.

Aikin irin wannan hasumiya shi ne ta sanar da matuƙin jirgi inda yake da kuma inda haɗari yake kwance. Kowace hasumiya tana da yadda fitilarta ke walƙawa, ta yadda matuƙi zai ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da walƙiya, ya duba littafinsa, ya san wadda yake hange ko da dare ya yi baƙi ƙirin. Ta Cape Hatteras tana walƙawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa 7 da rabi. Da rana kuwa zanen jikinta ne ke yin wannan aiki, shi ya sa a 1873 aka yi mata fentin fari da baƙi wanda ya nannaɗe ta tun daga ƙasa har sama, don kada a ɗauke ta a matsayin wata daga cikin maƙwabtanta. Tsawon kuma ba don ado ba ne, doron duniya ne a lanƙwashe yake, saboda haka duk ƙarin tsawon da fitila ta samu, ƙarin nisa ne ga mai hango ta daga cikin teku.

Dalilin kafa ta a wannan wuri shi ne wasu tuddan yashi da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ake kira Diamond Shoals, da suka miƙa cikin teku fiye da mil 10, kuma ba sa zama wuri ɗaya. A nan ne ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga kudu yake karo da mai sanyi da ke gangarowa daga arewa, sai teku ya yi ta hargowa, jirage su kife ko su kafe a cikin yashi igiyar ruwa ta farfasa su. Yawan jiragen da suka halaka a wannan yanki ya sa ake yi masa laƙabi da maƙabartar Tekun Atilantika. An kunna hasumiya ta farko a 1803, amma gajera ce, ƙafa 90 kacal, haskenta kuma mai rauni, har matuƙa suka yi ta ƙorafin cewa sai jirgi ya riga ya shiga haɗari sannan ake ganinta. An ƙara mata tsawo daga baya, amma bayan yaƙin basasar Amurka sai aka ga gara a gina sabuwa. An fara aikin a 1868, aka kunna fitilar a watan Disamba na 1870, bayan an yi amfani da bulo fiye da miliyan 1.

Hasken da take bayarwa a wancan zamani daga fitilar mai yake fitowa, kuma abin da ya ba shi ƙarfin kaiwa nesa shi ne wani gilashi da wani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ya ƙirƙiro, aka fara amfani da shi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823. Gilashi ne da aka yanka zobe-zobe aka jera kewaye da fitilar, kowane zobe yana lanƙwaso hasken da zai watse sama ko ƙasa, ya tattaro shi ya harba shi miƙe zuwa teku. Masu gadin fitilar su ne ke hawa matakala fiye da 250 ɗauke da mai, su datse lagwani, su goge gilashi, su kwana a farke har gari ya waye.

Abin da ya fi muhimmanci a labarin nan yana ƙarƙashin ƙasa. Lokacin da maginin da ya jagoranci aikin, Dexter Stetson, ya haƙa ramin harsashi, ya tarar da ruwa kusa, yashin kuma ya yi tauri har ba a iya kafa turaku a cikinsa. Sai ya shimfiɗa manyan katakai, wasu a kan wasu a gicciye, a cikin ruwan, sannan ya ɗora duwatsu a kansu, ya tayar da hasumiya. Dabarar ita ce katako ba ya ruɓewa muddin yana nutse a cikin ruwan daɗi inda iska ba ta taɓa shi. Haka kuwa aka yi, katakan suka riƙe ginin fiye da shekara 120. Sai dai sharaɗin shi ne ruwan daɗin nan ya ci gaba da rufe su, kada ya janye, kada kuma ruwan gishiri ya shigo ya maye gurbinsa, kuma wannan sharaɗi ne teku ya fara barazanar karyawa.

A ranar da aka kunna ta, tsakaninta da bakin ruwa ƙafa 1,500 ne. Amma tsibirin da take kai na yashi ne, igiyar ruwa na cin gefensa shekara da shekaru. A 1936 ruwa ya matso har hukuma ta kashe fitilar ta mayar da hasken kan wata hasumiyar ƙarfe da ke can ciki, sai a 1950 aka dawo da shi bayan gaɓar ta ɗan farfaɗo. An gwada shinge, an jibge buhunan yashi, an zuba sabon yashi, an gina katangu uku da suka kutsa cikin ruwa don su tare zaizaya, amma duk da haka tazarar ta ragu har ta koma ƙafa 120. A 1988 kwamitin masana na cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ya ba da shawarar a ɗauke hasumiyar a mayar da ita ciki.

Shawarar ba ta samu karɓuwa nan take ba. An shafe shekaru ana ka-ce-na-ce, kuma mutanen yankin da yawa sun ƙi amincewa ƙememe, wasu don tsoron kada ta tarwatse a hanya, wasu don a ganinsu darajarta na tattare da tsayuwarta daf da ruwa. Ƙaramar hukumar yankin ma ta kai ƙara kotu don a dakatar da aikin, amma ba ta yi nasara ba. Ban ga laifin masu wannan fargaba ba, domin mutum ba ya son a taɓa abin da ya buɗe ido ya gani tun yana yaro. Amma a ganina masu cewa a ɗauke ta sun fi gaskiya, saboda katangar da wasu suka so a kewaye ta da ita za ta mayar da ita tsibiri ne a tsakiyar ruwa, ta bar harsashinta a hannun gishiri.

Ga yadda aka yi aikin. An haƙe ƙasar da ke kewaye da gindinta, aka riƙa yanke duwatsun harsashin kaɗan-kaɗan da zarto na waya, duk inda aka cire dutse sai a tokare gurbin da ginshiƙin ƙarfe, har hasumiyar ta koma tsaye a kan ƙarafa zalla. Daga nan aka zura manyan ƙarafa ta ƙarƙashinta, aka sa jak 100 masu aiki da matsin mai, waɗanda aka haɗa su ta yadda za su ɗaga tare, kada wani gefe ya riga wani. Nauyin da suka ɗaga ya haura tan 4,800. Aka shimfiɗa layukan ƙarfe a gaba, aka sa wasu jak ɗin suna tura ginin ƙafa 5 a kowane turi, sannan a tsaya a gyara zama a sake turawa, ma'aikata kuma suna kwashe layukan da aka wuce suna kai su gaba. Don ƙarfe ya zame a kan ƙarfe, sabulun wanka na gari suka riƙa gogawa a kan layukan. An liƙa na'urori a jikin hasumiyar masu auna karkata da girgiza, domin da ta fara jirkicewa ko da kaɗan ne a sani tun kafin ido ya gani.

An fara tafiyar ranar 17 ga Yuni, aka isa ranar 9 ga Yuli, kwana 23 ke nan, aka ci tazarar ƙafa 2,900. Idan kina son ɗalibanki su gane nisan, ki ce musu su jera filaye 29 masu tsawon ƙafa 100 irin waɗanda ake yankawa a bayan gari. An ɗora ta a kan sabon harsashi na kankare, ƙafa 1,600 daga ruwa, kusan yadda take a farko, aka kuma ɗauko gidajen masu gadi aka ajiye kowanne a daidai inda yake fuskantar hasumiyar a da. An sake kunna fitilar ranar 13 ga Nuwamba na shekarar 1999, kuma aikin ya ci Dala miliyan 11.8. Duwatsun tsohon harsashin ba a zubar da su ba, an sassaƙa sunayen masu gadin fitilar a jikinsu, abin da nake ganin ya kamata a yaba, domin da wuya a tuna da ma'aikaci idan ana maganar gini.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Daura. Yanzu da kowane jirgi ke da na'urar da ke nuna masa hanya ta tauraron ɗan'adam, ba asarar dukiya ba ce a kashe waɗannan miliyoyi a kan tsohuwar fitila?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma gaskiya ne cewa manyan jirage ba su dogara da hasumiya kamar da ba. Amma na'ura tana lalacewa, wuta tana ɗaukewa a cikin jirgi, ana kuma iya toshe saƙon tauraron ko a gurɓata shi da gangan, a irin wannan dare kuwa matuƙi ba shi da abin dubawa sai abin da idonsa ya gani. Shi ya sa har yau fitilar Cape Hatteras tana cikin alamomin da dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka ke kula da haskensu, ginin kansa kuma yana hannun hukumar gandayen ƙasa, wadda a 2024 ta sake kafa masa tsani don gyaran ƙarafan da tsatsa ta ci, da bulon da ya tsattsage, da tagogi.

Bayan amfanin jirage akwai na tarihi, kuma a nan ina so ka dubi hasumiyoyi biyu. Ta Iskandariyya a Masar, wadda aka kammala wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ta haura mita 100, kuma ta yi fiye da shekara 1,000 tana tsaye. Girgizar ƙasa ta yi ta raunana ta, musamman ta 1303 da ta 1323. Ibn Batuta, matafiyin nan da ya ratsa har Takedda ya kuma ambaci Gobir a cikin labarin tafiye-tafiyensa, ya ziyarce ta a 1326 ya tarar gefe ɗaya ya rushe, da ya koma a 1349 kuwa ya ce ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Daga 1477 Sarkin Masar Ƙaitbay ya gina sansanin soja a gurbinta, kuma a 1994 masu binciken tarihi suka shiga tattara bayanan manyan duwatsunta da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Yau masana sai dai su yi ta kirdadon siffarta daga jikin tsofaffin sulalla da bayanan matafiya Larabawa. Ta biyu ita ce wadda Rumawa suka gina a garin A Coruña na ƙasar Sifen, wadda ita ma ta lalace matuƙa, amma daga 1788 aka yi mata babban gyara, aka lulluɓe tsohon ginin da sabon dutse ba tare da an rushe shi ba. Har yanzu fitilarta na ci, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Ɗalibin da ya je can zai taɓa bangon da aka gina kusan shekara 1,900 da suka wuce da hannunsa, kuma ban san farashin da za a sa wa wannan ba a ce ya yi yawa.

Tambaya: Ni dattijo ne, magini, a cikin garin Katsina na gaji sana'ar ginin ƙasa. Jikana ya nuna mini hoton nan. Shin za a iya yi wa Hasumiyar Gobarau irin wannan dabara idan ta samu matsala? Kuma me ya sa ba za a yaɓe ta da siminti a huta ba, kamar yadda matasa ke cewa?

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, kuma a wannan fanni ku ne malamai. Game da ɗauka, amsar ita ce a'a. Ginin tubali da ƙasa ba ya jure irin wannan motsi, sannan babu dalilin yin hakan, domin babu tekun da ke cin ƙasar da take kai. Gobarau kuma darajarta tana haɗe da gurbinta, a tsakiyar tsohon birni, inda tarihi ya danganta ta da masallaci da makarantar da suka bunƙasa tun zamanin Muhammadu Korau, ake kuma faɗin cewa daga kanta ake hango maharan da suka tunkaro gari. Tsawonta wajen ƙafa 50 ne, kashi ɗaya cikin huɗu na ta Amurkan, amma ta girme ta da ɗaruruwan shekaru.

Maganar siminti kuwa ita ce ta fi damuna, domin masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke yi. Masu gyaran tsofaffin hasumiyoyin bakin teku sun sha wannan darasi da wuya. Yawancin tsofaffin gine-ginen bulo an haɗa su ne da kwaɓin farar ƙasa, wanda ke da taushi kuma yake barin laima ta fita. Inda aka cike tsagoginsu da siminti, laimar ta rasa mafita sai ta cikin bulon, gishirin da ke cikinta ya daskare, fuskar bulo ta riƙa ɓarewa tana zuba, ƙarfen da ke binne a bango kuma ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga ginin daga ciki. Saboda haka ƙa'idar masu wannan sana'a a yau ita ce a gyara gini da irin abin da aka gina shi da shi, kuma abin da za a liƙa kada ya fi bangon tauri.

A ginin ƙasa abin ya fi muni, kuma kun sha ganinsa. Ana yaɓa siminti bango ya yi sumul, shekara ta farko da ta biyu kowa na yabawa. Sai zafin bazara da sanyin hunturu su sa ya yi 'yar tsaga wadda ko allura ba ta shiga, ruwan damina ya bi ta nan ya sauka bayan yaɓen, ya rasa hanyar bushewa. Idan aka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa za a ji wurin yana amo irin na rami, alamar ƙasar da ke ciki ta rabu da simintin ta zama gari. Ranar da zai faɗo kuwa falle guda yake ɓallowa, ya tafi da fuskar bangon gaba ɗaya, a ga tubali a waje. Yaɓen ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka bar shi ya ruɓa, aka bi shi da makuba ko laso, shi ruwa yana wanke shi a hankali daga waje inda ido ke gani, a sake shi idan lokaci ya yi, bangon ciki kuma yana nan lafiya. Da wannan hanya ce masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yake tsaye, domin duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi. Haka ma hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan magina idan za su hau gyara.

Abin da ya dace a ara daga aikin Cape Hatteras shi ne tsarin da aka bi kafin a taɓa ginin. An fara gano ainihin abin da ke barazana gare shi, aka auna shi, aka zana shi, aka ɗauki hoton kowane sashe, aka saurari masu goyon baya da masu adawa, sannan aka ware kuɗin da zai kai aikin ƙarshe. A wurinmu abokin gaba ruwan sama ne da laimar da ke tasowa daga ƙasa, don haka kafin damina a duba saman ginin inda ruwa ke kwanciya, a duba indararo ko yana jefa ruwa nesa da bango, a duba gindin ko ƙasar da ke kewaye ta yi tudu har ruwa na komowa jikinsa, a kuma hana zubar da shara da haƙar ƙasa kusa da shi, wanda shi ne abin da ya cinye sassa da yawa na ganuwa. Sannan a zauna da ire-irenku a rubuta yadda ake jiƙa makuba, da yawan kwanakin da kwaɓi ke yi kafin a ɗora shi, da ramin da ake ɗebo ƙasa mai kyau, a kuma haɗa ku da matasan da za su koya ana biyansu.

Gobarau tana cikin jerin kayan tarihin ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma doka ta hana a sauya wa irin wannan gini kama ba da izininta ba. Saboda haka duk wanda ya ga tsaga ko zaizaya a jikinta, ko ƙungiyar da ke son taimakawa da gyara, sai a fara sanar da jami'an gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, tare da fadar Mai Martaba Sarki, kafin a kai ko da kwano ɗaya na kwaɓi jikin bangon.